Bindigar Masu Gaggawa

Nurtaza mijin yayata ne. Jezde nake ce masa, yadda kowa ke kiran mijin yayarsa, kuma tun ranar da ya zo gidanmu neman Gulbarshin muke tsokanar juna, har furfura ta cim mana. Aikinsa awon ƙasa a mahaƙar kwal ta Karaganda, ni kuma gyaran wuta a can ƙarƙashin ƙasa. Amma ba aikin ne ya haɗa mu ba, harbi ne.

Da zarar ƙanƙara ta narke, duk Lahadi sai mu ɗauki tsohuwar motarsa mu fita bayan gari, can inda babu komai sai ciyawa da iska. Mukan kafa faranta na ƙarfe a gindin wani tudu, mu koma baya har sai faranti ya zama kamar ƙwayar gero a ido. Shi ya kwanta bayan bindiga, ni in zauna bayansa da madubin hangen nesa mai ƙafa uku, ina karanta masa iska, ina gaya masa inda harsashi ya faɗi. In ya samu, sai ka ga farantin ya girgiza tukuna, can daga baya ƙarar ta iso.

Bindigarsa mai sakata ce. Ka harba, ka ɗaga kai, ka ja sakata da hannun dama, kwanso ya fita, ka tura wani harsashin. Irin wadda ke ɗana kanta kuwa, ka ja kunama ta harba ta sake shiryawa da kanta, ba ya ko son a kawo ta kusa da shi. Bindigar masu gaggawa yake ce mata.

"Wanda ya san na biyu na jiransa," in ji shi, "ba ya girmama na farko."

A farkon bazarar da ya shiga hamsin da takwas, yana zuba shayi da safe, buta ta suɓuce masa. Kafin Gulbarshin ta juyo ya zame daga kan kujera. Ya fito asibiti da ransa, amma ɓarin dama ya shanye. Hannun ya lanƙwashe a ƙirji, ƙafar sai ja, magana kuma sai ya yi ta lalube kafin ya kamo kalma ɗaya. Abokan aiki suka yi ta zuwa da lemo da tuffa, sannan suka ragu, sannan suka daina.

Sau ɗaya ya sa aka fito masa da bindigar daga akwatin ƙarfe, babu harsashi. Ya ɗora ta a tebur, ya yi ta fama da sakata da yatsun da ba su jin magana, har gumi ya keto masa. Ya gwada da hagu, yana tsallake bindigar da hannu, ta karkace ta bugi kofi. Ya tura ta gefe. A ranar Gulbarshin ta raka ni har bakin ƙofa, ta cusa mini makullin akwatin a aljihu. Ban tambaye ta dalili ba.

Haka ya cinye zafin shekarar a kujera gaban taga. In na tsokane shi, ya ɗan motsa baki. In na kawo labarin fili, ya juya kai.

Sai da kaka ta shigo, ciyawa ta yi ja, na zo wata Asabar na tarar ya aske gemu, ya sa rigar fita.

"Rudik," ya ce. "Kai ni."

"Shagon Rudolf? Me za ka yi a can, Jezde? Ka manta ka rantse ba ka ƙara taka masa ƙofa tun da ya ce maka tsoho?"

"Mai ɗana kanta. Hagu."

Na gane nufinsa. In bindiga za ta yi aikin sakata da kanta, ba ya bukatar hannun dama. Sai ya koma kafaɗar hagu, ya ja kunama da yatsan hagu. Daɗi ya kama ni har na buga tebur.

Gulbarshin ta ja ni ɗakin girki.

"Kada ka kai shi, Yerkin."

"Haba Apa, yayata. Tun da ya kwanta bai nemi komai ba, ko gishiri. Yau ya nemi abu, sai in hana?"

"Ba ka zaune da shi."

"In makulli kike tsoro, yana wurina, na sabuwar ma ni zan riƙe."

Ta buɗe baki, ta dubi ƙofar falo, ta rufe. Ta ɗauko hularsa ta miƙo mini.

Rudolf jikan Jamusawan nan ne da aka kawo ƙasar nan tun zamanin yaƙi. Danginsa duk sun koma Jamus, shi ya ƙi, wai a can ba za a bar shi ya tofa yawu a titi ba. Shagonsa na ƙasan wani bene, yana warin mai da fata. Da ya ga na shigo riƙe da Nurtaza, fuskarsa ta ɗan canza, amma nan take ya gyara.

"Nureke! An ce mini ka mutu. Har na yi murna na huta da gardama."

"Ɓa... ɓarawo," in ji Nurtaza.

"Alhamdu lillahi, bakin na nan. Ba shi kujera, Yerkin. Me ya kawo sarkin sakata gidan talakawa?"

Na faɗa masa. Rudolf ya kama haɓa. "Bindigar masu gaggawa? Kai? Bari in leƙa waje in ga ko raƙumi na tashi sama."

Ya shiga ciki ya fito da guda uku, ya jera a kan tebur mai shimfiɗar bargo.

Ta farko gajera ce, marar nauyi. Nurtaza ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya shafa bututun da babban yatsa, ya ajiye.

"Wasa."

"Gaskiyarka," in ji Rudolf. "Ta masu bin kyarkeci a kan babur ce. Bututun siriri ne, harbi biyar ya yi zafi, harsashi ya fara yawo. Na fito da ita ne don ka samu abin zagi."

Ta biyu kowa ya san ta, ƙanwar wadda aka ba mu a soja ce, doguwa mai gindin katako. Na ce da ni ne wannan zan ɗauka, ko a laka ka binne ta ka tono za ta tashi.

"Shi ya sa kake riƙe madubi, ba bindiga ba," in ji Rudolf. "Ba ta mutuwa, na yarda. Amma kunamarta tauri kamar ƙofar gareji, kuma da ka wuce mita ɗari shida sai ta fara watsa harsashi kamar mai ba kaji tsaba. Mutumin nan faranti yake nema, ba garke ba."

Nurtaza ya yi dariya. Dariyar ta fito ta gefe ɗaya na bakinsa, amma dariya ce, kuma ban ji ta ba tun kafin asibiti.

Ta uku baƙa ce, daga waje aka kawo ta, mai kaurin bututu da nauyi kamar jaririn maraƙi. Rudolf ya buɗe mata ƙafafunta biyu na gaba, ya zaunar da ita, ya juya gindin wajen Nurtaza. Ya nuna masa yadda ake ɗaga wurin ɗora kunci, da yadda maɓallin tsaro yake a ɓangare biyu, hagu da dama.

"Kwanso?" in ji Nurtaza, ya nuna fuskarsa.

"Na san za ka tambaya. Ta dama yake fita, kai kuma fuskarka can za ta kasance. Ka ga wannan ɗan tudun? Shi ke karkatar da shi gaba. Wani lokaci zai ƙona maka wuya, amma ai kyan fuskarka ba abin asara ba ne."

Nurtaza ya matso da kujera. Ya sa gindin a kafaɗar hagu, ya kwantar da kunci, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Sannan yatsansa ya matsa kunama a hankali, a hankali, har ta ce ƙas. Ya sa Rudolf ya sake ɗanawa, ya sake ja. Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Wane nauyin harsashi take so? Murɗin cikin bututun fa? Tana ɓata kwanso? Kalmomin na fitowa a gutsure, wani lokaci ya nemi kalma ya rasa ya bugi cinyarsa, amma bai tsaya ba. A wannan yinin ya yi maganar da ta fi ta rabin shekara.

"Bari in gaya maka gaskiya, Nureke," in ji Rudolf daga ƙarshe. "Ba za ta tara harsashi wuri ɗaya kamar tsohuwarka ba. Akwai ƙarfe mai kai da komo a cikinta, dole ta motsa. A ɗari takwas za ta yi maka biyayya. A dubu kuwa sai ka haɗa da addu'a."

"Na sani. Ita."

"To kafin ka fara zirga-zirgar likitoci da 'yan sanda kan izini, ka gwada tukuna. Ina da irinta tawa ta kaina. Gobe Lahadi. Ku zo da shayi, ni in zo da harsashi."

A hanyar gida yana ta motsa yatsan hagu a kan gwiwarsa.

Washegari Gulbarshin ta cika mana jaka da baursak, soyayyen ƙullin fulawa, da yankakken kazi, naman doki da ake ɗurawa a hanji, da shayin madara. Ta ɗaure masa gyale a wuya, ta tsaya tana gyara kullin fiye da yadda yake bukata. "Ka kula," ta ce, ban san ko da ni take ko da shi ba.

Ranar ta yi kyau, sama garau, iska kaɗan daga hagu. Ni da Rudolf muka kafa faranta a gindin tudun, muka duba ko'ina, babu kowa babu komai. Kwantar da Nurtaza a kan shimfiɗa sai da muka haɗu mu biyu, yana zaginmu muna ramawa. Tun da hannun dama ba zai tallafi gindin bindigar ba, muka tura jakar yashi a ƙarƙashi. Na sa masa abin toshe kunne.

Farko abin bai yi daɗin kallo ba. Farantin kusa ma, wanda a da yake samu yana hira, sai da ya ɓata harsashi da yawa. Yakan daɗe yana neman farantin a madubin da ke kan bindigar, yana jan bindigar nan da can. Na ɗauka rashin sabo da idon hagu ne. Kwanso ya faɗa masa cikin gyale, ya yi tsaki. Amma sannu a hankali jikin ya tuna. Ya samu na kusa, ya samu na tsakiya.

"Takwas," ya ce.

"Jezde, ka bari sai wani makon mana. Yau ka fara rarrafe."

"Takwas, surutu."

Na juya madubina kan na ɗari takwas. Na dubi yadda ciyawa ke kwanciya a tsakiyar hanya, na faɗa masa gyaran da zai yi. Ya harba. Ƙura ta tashi a gefe, ƙasa kaɗan. Na faɗa masa. Ya murɗa saitin madubin bindigar, ya ja numfashi, ya saki rabi.

Farantin ya girgiza. Can ƙarar ta iso, siririya.

Rudolf ya yi ihu ya jefa hularsa sama. Nurtaza bai ɗaga kai ba. Ya sake ja, ya samu. Ya sake, ya samu. Ina jin yana wani gurnani a ƙirji, na murna.

"Ku dubi mai gaggawa!" in ji Rudolf. "Zai cinye mini shago. Bari in ƙaro harsashi." Ya nufi mota.

Idona na cikin madubi. Madubin nan ƙaramin da'ira yake nuna maka, faranti da ɗan abin da ke kewaye da shi. Ina kallo sai ga kan doki ya shigo da'irar daga dama, sannan wuya, sannan ƙirji. Goɗiya ce ja, tana tafiya a natse, wasu na biye da ita. Ta bayan tudun suka ɓullo.

"Tsaya!" na ce. "Jezde, tsaya!"

Bindigar ta tashi. Na sake ihu, na miƙa hannu, kafin in taɓa shi ta sake tashi.

Na farko ya wuce ta gabanta. Na biyu na gan shi da idona. Goɗiyar ta yi tsalle, ƙafafun baya suka lanƙwashe, ta zauna kamar kare. Sauran suka watse.

Nurtaza ya ɗago kai, ya zame abin kunnen. "Ban ji ba. Kuskure?"

"Doki, Jezde! Ba ka ga doki ba?"

"Wane doki?"

Ya mayar da ido. Na ga ya ja bakin bindigar zuwa dama, kaɗan-kaɗan, sannan ya tsaya cak. Rudolf ya iso da gudu ya cire gidan harsashi, ya zare bindigar daga hannunsa. Bai hana ba.

Muka ɗaga shi muka sa a mota, muka bi ta cikin ciyawa. Goɗiyar na kwance a gefenta, harsashin ya shiga ta kwiɓi, tana ta ƙoƙarin ɗaga kai. Duƙushinta na bana yana kewaya ta, ya matso ya ja baya.

Ba mu daɗe ba mai dawakin ya iso a kan wani doki, dattijo ne gajere, fuska duk ta ƙone da iska. Daga baya muka san sunansa Kuwandik. Bai gaishe mu ba. Ya sauka, ya durƙusa, ya taɓa raunin, ya shafa mata wuya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya zaro wuƙa daga takalminsa.

"Ku riƙe mini kai, kada ta tafi mushe."

Ni na riƙe. Ya yi bisimilla ya yanka.

Rudolf ya fara magana, cewa laifinmu ne, duk abin da ya ce za mu yi. Kuwandik ya goge wuƙar a ciyawa.

"Za mu yi wannan maganar. Wa ya harba?"

Ƙofar mota ta buɗe. Nurtaza ya fito da kansa, yana dafa ƙarfe, yana jan ƙafa, har ya zo gabansa.

"Ni."

Kuwandik ya dube shi daga hannun da ke lanƙwashe har ƙafar. Na ga fushin na sauka daga fuskarsa, abin da ya maye gurbinsa kuma ya fi fushin nauyi.

"Aga," ya ce, yadda ake kiran na gaba da kai, "ranar da babu makaranta jikata ce ke koro su ruwa. Wannan goɗiyar take hawa, don ita ce mai haƙuri. Yau da zazzaɓi ta tashi, uwarta ta hana ta fita."

Duƙushin ya yi haniniya.

Kuwandik ya je ya kama linzamin dokinsa, ya dawo ta gefen daman Nurtaza. Ban san me ya taɓa zuciyarsa ba, ya miƙo masa hannu. Nurtaza na kallon goɗiyar. Hannun na nan a miƙe, kusa da kafaɗarsa, bai ko ƙifta ba. Ba ƙi ya yi ba. Bai san da shi ba. Sai da na ce, "Jezde, ana ba ka hannu," sannan ya juyo da kai gaba ɗaya, ya razana da ganin mutum a nan.

A hanyar dawowa Rudolf ke tuƙi, ni ina baya. Na miƙa hannuna ta daman fuskar Nurtaza, na kaɗa yatsu. Bai ankara ba. Na matso da shi gaba har ya kai daidai hancinsa.

"Bari," ya ce.

"Tun yaushe?"

Ya dubi hanya. "Rabi. Komai rabi."

Gulbarshin na ganin fuskokinmu ta dafa bango. Na ce mata kowa lafiya, doki ne. Ta kai shi ɗaki, ta cire masa takalma, ta fito ta same ni a ɗakin girki.

"Tun a asibiti likita ya gaya mana," ta ce. "Duk abin da ke damansa ba ya gani, da ido biyun. Kuma ba zai dawo ba. In na zuba masa abinci rabin kwano yake ci, sai na juya masa kwanon. Ya sa na ɗora hannu a kan burodi na rantse ba zan gaya wa kowa ba, kai musamman. Ya ce hannu da ƙafa kowa ya gani, a bar masa wannan." Ta share ido da bayan hannu. "Na yi zaton a shagon abin zai tsaya. Na ce bari ya taɓa, ya ji daɗi, likitocin izini su hana shi."

Maganar goɗiya mun gama ta da Kuwandik tsakaninmu, ba a kai ta ko'ina ba. Rudolf bai ƙara fita da kowa fili ba. Kwana kaɗan bayan haka Nurtaza ya ce in buɗe akwatin ƙarfe in kai tsohuwar bindigarsa wurin 'yan sanda, in ce ya sallama. Bai fito ya ga fitarta ba.

Cikin makon Kuwandik ya aiko ɗansa da cinya guda da haƙarƙari, wai rabon wanda ya harba. Ban san ko karamci ne ko wani abu ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Gulbarshin ta dafa, don ba a mayar da nama. Nurtaza ya zauna a tebur, ya dubi kwanon, ya tashi.

Sanyin shekarar ya zo da wuri. Aka yi ruwa a kan dusar ƙanƙara, ta daskare ta zama kamar gilashi, dabbobi da yawa suka rasa ciyawa. Duk zuwan da na yi, tambayarsa ɗaya ce: duƙushin. Na gaji da cewa ban sani ba, da hanya ta buɗe na tuƙa har rugar Kuwandik. Ya ba ni shayi, ya ce manyan dawaki su ke fasa ƙanƙara da kofato, 'ya'yansu su ci a bayansu. Wannan ba shi da mai fasa masa. Sun shigo da shi barga, amma ya riga ya rame, bai kai tsakiyar sanyi ba.

Na dawo na zauna ta hagunsa na gaya masa yadda aka gaya mini.

"Yarinyar?" ya ce.

"Lafiyarta ƙalau. Na gan ta. Kakanta ya ce dai ba ta fita da dawaki yanzu."

Ya gyaɗa kai. Rana na tsaka, ko azahar ba a yi ba, ya kira Gulbarshin ya ce ta taimaka masa ya kwanta.